Kwalaben da Ke Alƙiblarmu

Tun farko bari in wanke kaina: giya ba ta taɓa wuce leɓena ba, kuma a shekarun da nake yanzu ba na jin za ta fara. Sai dai ni mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce in aka rufe kwano a gabana hankalina ba ya kwanciya sai na ga abin da ke ciki, ko da ba zan ci ba. Wannan halin ne ya sa na san abubuwan da ɗan kasuwar Kwari ba shi da dalilin saninsu game da jar giyar inabi, irin wadda ake ajiyewa shekara da shekaru kafin a sha.

A ƙarshen shekarun casa'in na fara zuwa Guangzhou sarin kaya. Da can Bangkok muke zuwa, da kasuwar can ta yi tsami muka bi masu cewa kaya sun fi araha a China. Baƙar fata ba mu da yawa a garin a lokacin. In ka shiga bas kowa sai ya waiwayo, wata tsohuwa ma ta taɓa goga yatsa a hannuna ta duba ko zai yi baƙi. Zaman otal ya gundure ni, sai na haɗa kai da wani dattijo da muka saba haɗuwa a Masallacin Huaisheng ranar Juma'a, mutumin zangon Kumasi, mai loda kwantenar takalma da jakunkuna zuwa Ghana. Alhaji nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Kano. Dogo ne, mai tsabta har ta so ta yi yawa, kuma tsoron Allahnsa na gaske ne, ba na a gani ba. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsa, ni kuwa ban taɓa gajiya da tsokanarsa a kan haka ba.

Gidan da muka kama tsoho ne, siriri, a wani lungu kusa da masallacin, lungun da in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bangon nan da na can. Mai gidan Lawban muke ce masa, wato oga, kamar yadda muke kiran kowane mai shago a garin. Gajeren tsoho ne mai sanƙo, kullum da farar singileti naɗe zuwa saman ciki. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ce, tana aiki a wani ofishin jigilar kaya, takan zo ƙarshen mako. Ita ce mai jin Turanci, don haka duk wata magana mai tsawo tsakaninmu da shi sai ta jira Asabar.

Ya ba mu ɗaki a sama don kwana, da wani a ƙasa can ƙuryar gida inda rana ba ta leƙawa. Ɗakin ƙasan sanyi gare shi ko da gari na tafasa, shi ya sa muke tara kayan da muka saro daga kasuwar Baima a gefe guda, mu shimfiɗa darduma a ɗaya gefen. A can alƙibla yamma take, abin da ya daɗe yana juya mini kai. Yamman nan kuwa ta faɗa daidai kan bangon ƙarƙashin matakalar bene, inda akwai wata 'yar ƙofar katako da sakata. Ranar da muka tare Lawban ya nuna ƙofar, ya kaɗa hannu, alamar kada a taɓa. Alhaji ya ce mitar lantarki ce, ya wuce abinsa. Ni kuwa na duba na ga mitar tana bakin ƙofar gida.

Ban daɗe ina jira ba. Wata safiya Alhaji ya tafi tashar jiragen ruwa, sai ga Lawban da tocila, ya durƙusa ya zare sakatar. Na yi kamar ina ƙirga riguna, ina matsowa, har na tsaya a kansa. Ya waiwayo ya dube ni, ya yi tsaki, ya matsa mini wuri.

Kwalabe ne baƙaƙe, ba su kai goma ba, kowace a kwance kan katakon da aka fafe mata gurbi, ƙura ta lulluɓe su ba a share ba. A gefe ga ma'aunin zafi rataye da ƙusa, a ƙasa ga kwanon ruwa. Bai ɗauki ko ɗaya ba. Haska bakin kowace ya yi, ya duba ma'aunin, ya ƙara ruwa a kwanon, ya rufe. Na san giya ce. Amma abin da ya fi damuna a ranar, Allah ya yafe mini, shi ne dalilin kwantar da su. Duk kwalbar da na taɓa gani a duniya a tsaye take.

Ranar Asabar na tare 'yar Lawban da tambayoyi, ta gaji ta kira uban. Ya ce bakin kowace kwalba an toshe shi ne da wani ɓawon itace mai laushi. In tana kwance, giyar na jiƙa toshiyar ta kumbura, iska ba ta shiga. In aka tsayar da ita, toshiyar ta bushe ta tsuke, shi ke nan. Haske ba ta so, girgiza ba ta so, zafi kuwa dafa ta yake yi a cikin kwalbarta. Wannan ramin shi ne wuri mafi sanyi a duk gidan, tun zamanin ubansa.

Na ce, “To me kuke jira? Ba sha ake yi ba?”

Ta fassara masa, ya yi dariya har singiletin ta warware. Ta ce, “Ya ce giyar yarinya ce har yanzu, faɗa gare ta. In ka sha yanzu cizonka za ta yi.”

A nan na ji labarin wansa. Suna samari, a shekarun yunwa, wan ya yi iyo ya tsallaka Hongkong, suka yi sama da shekara ashirin ba su ga juna ba. Can ya yi aiki a gidan abincin Turawa har ya zama shi ne mai zaɓo musu giya. Da hanya ta buɗe ya dawo ganin gida, ya zo da akwatunan katako biyu na wata jar giya daga Faransa, mai ƙarfin gaske, ya ce ba ta sha ba ce yanzu, sai ta kwanta ta nuna. Ya bar su a gidan ubansu, wai ɗakinsa na can ƙarami ne kuma da zafi. Suka yi alkawari duk sabuwar shekara zai zo su buɗe kwalba ɗaya su ji inda ta kai. Ranar da ta nuna, sai su shanye sauran tare.

Na yi tunanin gaya wa Alhaji. Na auna na ga ƙofa a rufe take, abu a bayan bango yake, ba namu ba ne, kuma na san in ya ji sai mun tashi daga gidan, ga shi samun mai ba baƙar fata haya a lokacin ba wasa ba ne. Na ja bakina na yi shiru.

A shekarar, ƙaramar salla ta zo tare da sabuwar shekararsu. Alhaji ya tafi Kumasi yin salla, ni na zauna. Bayan salla da kwana kaɗan wan Lawban ya iso, ƙato mai tumbi da agogon zinare, muryarsa tun daga bakin lungu ake ji. Da safe suka zaro kwalba ɗaya, Lawban ya riƙe ta a kwance kamar mai ɗauke da jariri, wan ya murɗa wani ƙarfe ya zare toshiyar a hankali. Suka tsiyaye ta cikin wani tulun gilashi, suka bar abin da ya kwanta a ƙasan kwalbar, sannan suka tafi harkokinsu. Na tambaya, aka ce tana shan iska. Abin da aka shekara goma sha wani abu ana ɓoyewa daga iska, yau kuma ita yake buƙata. Na ce to, Allah ya kyauta.

Sai da la'asar suka zauna. Ni na ja kujera can bakin ƙofa da kofin shayina, inda zan ga komai ba tare da na zauna a teburin ba. Suka zuba 'yar kaɗan a kofunan gilashi masu doguwar ƙafa. Launinta kamar zoɓon da ya ji ganye, duhu har ba ka ganin yatsa ta bayansa. Wan ya karkata kofin a kan farar takarda ya daɗe yana kallon gefensa. Ya juya shi, ya cusa hanci, ya lumshe ido. Sannan ya kurɓa, ya riƙe a baki yana zuƙar iska ta tsakanin haƙora, da wata ƙara da in yaro ya yi ta a gidanmu sai ya sha rankwashi. Lawban yana yin duk abin da wan ya yi, a bayansa kaɗan.

Wan ya hango ni ina miƙa wuya, ya miƙo mini toshiyar. Na ce a raina shinshina ba sha ba ce. Na yi zaton warin burukutu zan ji, irin wanda ke tashi in ka bi ta wasu lunguna a Sabon Gari. Ba shi na ji ba. Fatar da aka gama jima na ji, da busasshen dabino, da wani abu kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Na rasa yadda aka yi inabi ya san waɗannan abubuwa.

Wan ya haɗiye, ya girgiza kai ya faɗi kalma biyu. 'Yar Lawban ta ce mini, “Tukuna. Ba ta yi ba.” Sai na ga tsofaffin nan biyu sun fashe da dariya suna dukan kafaɗar juna. Ban taɓa ganin mutanen da aka ce musu abinsu bai nuna ba suka yi murna haka ba. Daga baya na fahimci cewa muddin ba ta yi ba, wan zai dawo baɗi.

Na ce a tambaye shi me ya rage mata. Ya yi bayani, yarinyar ta rasa kalmar Turancin, sai ya nuna da fuska: ya tsuke kumatu, ya goga harshe a dasashi kamar bakin ya bushe. Na tashi na hau sama na ɗauko goro daga ɗan guzurina, sabo ne fari, na ɓare na miƙa masa. Ya tauna, fuskarsa ta yamutse, sai ya daki tebur har kofunan suka yi ƙara. Shi ne, in ji shi, shi ne wannan.

Na ce, “Mu bauri muke ce masa.”

Na ba su labarin kakana, wanda ya yi fataucin goro, yadda yake naɗe shi a ganye, ya yayyafa ruwa, ya riƙa buɗewa yana tsince wanda ya fara lalacewa, har goron bana ya kwana ya zama daushe, baurin ya kwanta gardi ya fito. Wan ya sa aka maimaita masa labarin sau biyu. Tun daga ranar mai goro yake kirana.

Da zafi ya fara shigowa aka bugo waya daga Hongkong. Wan ba shi da lafiya, ciwon daji ne a can bayan hanci, an kwantar da shi. Lawban ya haɗa 'yar jaka ya tafi jinya. Ni ma kwantenata ta tashi, na bi ta Kano don in tari kayan. Aka bar Alhaji, da tuni ya dawo daga Kumasi, shi kaɗai a gida.

Na dawo a tsakiyar zafin nan nasu mai laima, wanda kana fitowa daga wanka kake neman wani. Ban gama ajiye jaka ba Alhaji ya tsaya a kaina.

“Ɗan Kano, ka san abin da muke yi ma sujada wata da watanni?”

Warin mushen ɓera ya dame shi, ya bi wari har ƙofar nan, ya zare sakata. Sai ya ga abin da ke ciki. Tun ranar yake rama salloli. Na ce ina kwalaben? Ya ce kada in damu, shi ba ya wasa da kayan mutane. Leda ya sa a hannu ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kwali a tsaye don kada su zube, ya kai su can saman bene ƙarƙashin rumfar kwano kusa da tankin ruwa, ya lulluɓe da baƙar tampol saboda ruwan sama.

Ya ce, “Ko guda bai fashe ba. In mai shi ya dawo ya nemi wani wuri, amma ba gaban goshina ba.”

Ban san na iya hawa bene da gudu haka ba. Simintin saman yana ƙona ƙafa ta cikin silifa. Na yaye tampol ɗin, wani hucin zafi ya bugi fuskata. Na taɓa kwalba ɗaya, kamar kofin shayin da aka zuba yanzu. Toshiyoyin sun turo kai waje, wani jan abu ya tsiyayo ta wuyan kwalaben ya bushe, tururuwa na bin sa.

A nan tsaye a rana na gaya wa Alhaji duk abin da na sani, kwanciyar da sanyin da alkawarin da ke tsakanin wa da ƙane. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya zauna a bakin tankin.

Ya ce, “Ni na ɗauka giya ruɓaɓɓen abu ne tun asali. Ashe yana da wani lalacewa bayan wannan?”

Na ce ni ma da haka na ɗauka. Ya dube ni ya ce tun yaushe na sani, na gaya masa. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Shi da kansa ya sauko da kwalin, ba leda a hannunsa wannan karon, muka mayar da su gurabensu a kwance.

Lawban ya dawo a makon, ya rame. Na so in fara shimfiɗa maganar, Alhaji ya hana. Ya sa aka kira 'yar, ya tsaya a gabansu ya faɗi abin da ya yi tun daga ɓera har tampol, bai rage komai ba. Lawban ya nufi 'yar ƙofar nan. Ya ɗauki tocila ya durƙusa, ya daɗe a ciki. Ya fito da ɗaya ya buɗe, toshiyar ta marmashe a hannunsa. Abin da ya zubo ba zoɓon nan ba ne, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar jiƙon tsamiya. Ya shinshina, ya kurɓa, ya je bakin magudana ya tofar. Ya buɗe ta biyu, ita ko kurɓa bai yi ba.

Alhaji ya ce a gaya masa zai biya, ko nawa ne, ya je ya sayi wasu.

Lawban ya ce, “Meyo.”

Wannan ba ta buƙatar fassara, ita ce kalmar da muka fi ji a kasuwa: babu. 'Yar ta ƙara mana da cewa ko an samu mai irin tambarin, ba ita ce ta kwana a gidan nan ba. Sannan ta faɗi abin da ba mu sani ba. Likitoci sun gama abin da za su iya, sun sallami baffanta. Zai zo bikin wata na tsakiyar kaka, kuma tun a gadon asibiti ya ce bana babu tukuna, ko ta yi ko ba ta yi ba za su sha.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya yi nauyi. Lawban bai kore mu ba, amma gaisuwa a taƙaice yake amsawa. Alhaji ya mayar da dardumarsa sama, abincinsa ya ragu. Wata rana muna cin shinkafa ya ajiye cokali ya ce, “A wurina haram ne, har gobe. Amma a wurinsa dukiya ne, kuma ya ce kar a taɓa. Amana na ci, ɗan Kano.” Ni dai ban ga inda ya yi kuskure a lissafin ba.

Ni kuwa abin da ke cina shi ne me Lawban zai yi. Na tambayi 'yar, ta ce sau da yawa yakan ɗauki waya ya ajiye. Ita ta ba shi shawarar a sayo wata mai kyau a ɗura a tsohuwar kwalba, ya ce harshen wansa ba a yi masa wayo, kuma ko ana yi shi ba zai yi ba. Ya yanke zai gaya masa baki da baki in ya zo. Tausayinsa ya kama ni sosai. Mutum ya yi gadin abu shekara da shekaru, rana ɗaya da ya juya baya don jinyar mai abin, abin ya mutu.

Ranar bikin da hantsi tasi ta tsaya a bakin lungu. Da ba don agogon zinaren ba da ban gane wan Lawban ba, shi ma yawo yake a tsintsiyar hannu. Wuyansa ya yi baƙi kamar an babbaka, ya ɗaura ƙyalle a kai, yana riƙe da robar ruwa yana jiƙa baki kowane lokaci. Muryar nan ta koma raɗa. Da ya zauna ya huta, abin da ya fara tambaya shi ne ina mai goro. Na zo na gaishe shi, na ja kujerata bakin ƙofa. Alhaji ya ce shi ba zai zauna inda ake sha ba, amma kuma ba zai ɓuya a ɗaki ba, in za a faɗi laifinsa a faɗa yana nan. Ya zauna a kan matakalar bene da carbinsa.

Lawban ya yi komai yadda suka saba. Ya zaɓi wadda toshiyarta ta fi dama, ya tsiyaye a tulun. Ba a jira la'asar ba, saboda wan ba ya iya dogon zama. Da ya zuba a kofunan ya ajiye tulun, ya gyara tsayuwa, ya fara magana. Wan ya ɗaga masa hannu, alamar bari sai an sha.

Ya karkata kofin a kan farar takarda ya kalla. Ya daɗe yana kallo, fiye da wancan karon. Har yau ban san abin da idonsa ya gaya masa ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya, don bai ga sabuwar shekara ba. Ya juya kofin, ya sa hanci, ya kurɓa, ya riƙe, ya haɗiye da ƙyar. Sannan ya yi magana a hankali, yana murmushi. Na ga 'yar Lawban ta kai hannu baki.

Ta sunkuyo ta raɗa mini: “Ya ce tun da aka gasa shi da na'urar asibiti harshensa ya mutu, hancinsa ma haka. Komai ruwan ɗumi ne a bakinsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa Baba, kai ka sha ka gaya mini.”

Lawban ya tsaya da kofi a hannu. Ni da na ga yadda ya tofar da ita a magudana, na kasa ɗauke ido daga kansa. Ya ja kujera ya zauna. Ya juya kofin, ya sa hanci ya daɗe. Ya kurɓa, ya zuƙi iska ta haƙora, ya haɗiye, fuskarsa ko gezau. Sannan ya fara.

'Yar tana bi tana raɗa mini. Ya ce baurin ya tafi gaba ɗaya, ta yi laushi. Ya ce da farko busasshen ɓawon lemo ake ji, irin wanda mahaifiyarsu ke ajiyewa a tulu, bayansa kuma ƙamshin akwatin kayanta in an buɗe. Ya ce ƙarfinta na nan bai je ko'ina ba, faɗan ne kawai ta daina. Ya ce ya haɗiye tun ɗazu amma har yanzu tana nan a maƙogwaronsa. Wan ya jingina ya lumshe ido yana gyaɗa kai, in ƙanen ya tsaya sai ya motsa yatsa, wato ci gaba. Can 'yar ta daina fassara, ta juya fuska bango. Lawban ya shanye kofin tas, ya ƙara wani, ya ci gaba da magana.

Alhaji ya sunkuyo daga kan matakala ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Mi yake faɗi? Ya gaya mashi?”

Na ce, “Cewa yake giyar ta yi.”

Ya dubi Lawban, ya dubi wan, ya dubi kofin da ke hannun Lawban. Alhajin da na sani, in ka ce kaya sun iso alhali suna hanya sai ya gyara maka a gaban kowa. Wannan karon bai gyara ba, ya sunkuyar da kai, carbin ya tsaya a hannunsa.

Da wan ya gaji, 'yar ta kama shi ta kai shi ɗaki ya kwanta. Lawban ya tattara kofunan ya nufi famfon bayan gida. Ina hango shi daga inda nake, ya ajiye su bai wanke ba, ya sunkuya ya tari ruwa da hannu yana kuskure baki, ya zubar, ya sake, ya sake, kafaɗunsa na motsi. Alhaji ya tashi ya hau sama, ya sauko da farin tawul ɗinsa na alwala, wanda ko ni ba ya bari in taɓa. Ya je ya tsaya a bayansa riƙe da shi hannu biyu, yana jira. Sai da aka daɗe Lawban ya kashe famfon ya miƙe. Ya ga Alhaji, ya ga tawul ɗin. Ya karɓa ya goge bakinsa, sannan ya rufe fuskarsa da shi.